Takardar Gonar Arzika

'Ya'yana da jikokina, ku da kuke kan karatu a yau, mai yi muku wannan magana tsoho ne da ya haura saba'in. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya mata a gidajen mazajensu, kuma kunyar da suka sha saboda ni ta isa haka. Abin da ya kamata ku sani shi ne, kafin a kira ni mai laifi an daɗe ana kirana Komi, wato ma'aikacin rubutu. Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da littattafan haihuwa da na aure da na mutuwa a wata ma'aikata ta ƙasar Arewa, tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri. Ban taɓa fasa gidan kowa ba, ban taɓa tare hanya ba. Da alƙalami na yi tawa ɓarnar, ina zaune a inuwa, sanye da farar riga.

Ni ɗan lekol ne, wato makarantar boko, na zamanin da. A lokacinmu ba a ba yaro alƙalami sai hannunsa ya nuna ladabi. Alƙalamin na ƙarfe ne, tawadar kuwa shunayya, a cikin ɗan kaskon da aka dasa a goshin tebur. An koya mana cewa harafi yakan hau da siririyar ƙafa, ya sauko da mai kauri. Har yau idan na lumshe ido nakan ji ƙamshin wannan tawada, in ga hasken hantsi yana shigowa ta taga, ga wani jan dutse yana tsaye can nesa kamar yana duba aikinmu. A ajinmu babu wanda ya kai ni kyan rubutu. Wannan ba yabon kai ba ne, gaskiya ce, kuma ita ce ta kai ni inda ta kai ni.

Ina da aboki tun muna tsirara, sunansa Arzika. Ranar da aka zo ƙauyenmu ɗibar yara zuwa lekol, uwarsa ta jefa shi cikin rumbu ta rufe, ni kuwa aka same ni a bakin hanya ina tauna kara. Shi ya zama manomi, ni na zama Komi. Duk inda muka haɗu sai ya ce, "Komi, ni cikin hatsi anka ɓoye ni, shi ya sa har yau ban rabu da hatsi ba. Kai da anka kai cikin takarda, dafa takarda ka ci mu gani." Ni kuma in ce masa, "Jahili, ko sunanka aka rubuta a goshin jaki ba za ka gane ba." Mu yi dariya, ya ba ni goro.

Ina sabon ma'aikaci aka yi gardama tsakanin Arzika da maƙwabcinsa a kan gonar da Arzika ya gada daga mahaifinsa, wata gona mai jan rairayi a gabas da ƙauye. Tsohon mai garinmu ya tara dattawa, aka zaga iyaka da ƙafa, maƙwabcin ya amsa da bakinsa cewa gonar ta Arzika ce. Mai gari ya ce in rubuta. Na rubuta, mai gari da maƙwabcin suka dangwala yatsa, na kai ma'aikata aka buga hatimi. Arzika ya naɗe takardar a tsumma ya jefa cikin akwati. Wannan takarda ta gaskiya ce, kuma ina so ku riƙe hakan.

Karkacewata ta fara ne da abin da ko sunan laifi ban ba shi ba. Wata mata ta zo da 'yarta, yarinya mai ƙoƙari, shekarunta sun ɗara na shiga jarrabawa da 'yan watanni. Na dubi yarinyar, na dubi littafi, na sa bakin reza na kankare lamba ɗaya, na zana wata a gurbinta. Ko ni da na yi sai da na nemi wurin na rasa. Matar ta yi ta sa mini albarka. A ranar na koma gida ina jin kaina kamar wanda aka ba ikon mayar da rana baya.

Daga nan sai abin ya yi ta zuwa da sauƙi. Shaida bai samu zuwa ba, in sa masa hannu, ai na san da ya zo zai sa. An makara kawo sanarwar haihuwa, in mayar da kwanan wata baya. Wani ya kawo mini zabo, wani damin gero, wani addu'a kawai. Amma ba zabon ne yake jana ba. Abin da yake jana shi ne yadda ake cewa, "Ku je wurin Komi, hannunsa ba irin na mutane ba ne." Har wata tsohuwa 'yar bori ta taɓa cewa aljana doguwa ce take riƙe mini alƙalami. Na yi tsaki a gabanta, amma a zuciya na ji daɗi.

Da lokacin ajiye aikina ya yi, an riga an sauya hatiman ma'aikata. Tsohon hatimin, mai mariƙin itace da ya yi santsi saboda tafin hannuna, yana cikin aljihun tebur, ba wanda ya tuna da shi. Ya kamata in miƙa shi a lalata. Sai na sa shi a aljihu, na ce wa raina abin tunawa ne kawai.

Ina shekara ta huɗu a gida sai ga Arzika da hantsi, babu raha a fuskarsa. Maƙwabcin nan nasa ya daɗe da rasuwa, tsohon mai gari ma haka. Ɗan maƙwabcin, mai suna Dari, ya dawo daga bakin teku bayan shekaru masu yawa, ya ce gonar aro ce mahaifinsa ya bayar, yanzu yana son abinsa. Maganar ta wuce gaban sabon mai gari, za ta gidan shari'a a Dogon Dutsi. Arzika ya kwance tsumma ya zazzage a gabana. Gara ta cinye takardar, ba abin da ya rage sai gari da 'yan ɓarɓashi.

Na tambaye shi, "Ba ka da shaidu?"

Ya ce, "Akwai tsoffi uku da sunka zaga iyaka ran nan, sun ce za su tsaya. Amma an ce mini can Dutsi takarda suka so. Komi, in gonar ga ta tahi, mi zan ba iyali? Mu goma sha ɗaya muke ci cikinta."

Abin da ya dace in faɗa masa shi ne tsoffin nan uku sun ishe shi, domin shari'ar gona tana sauraron shaidar baki, kuma na fi kowa sanin haka. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Kwantar da hankalinka. Ai guda biyu na rubuta a lokacin, ɗayar tana cikin tsoffin takarduna. Ka dawo jibi." Ƙarya ce. Guda ɗaya na rubuta. Ina so ne kawai, sau ɗaya a rayuwa, Arzika ya ga takarda ta ciyar da shi.

Washegari bayan azahar na rufe ƙofar zaure. Na yago farin shafi daga bayan wani tsohon littafi, na jiƙa shi da ruwan shayi, na shanya, na ratsa shi ta hayaƙin murhu. Na dama tawada, na sa sabon baki a alƙalami. Da na zauna, sai na ji shekaru suna zubewa daga kafaɗata. Na ga kaina saurayi, ina bin bayan mai gari, rigarsa tana share raɓa. Na ji kukan kurciya. Na ga layin gamba da aka shuka a iyakar arewa yana kaɗawa, na ga burtalin shanu a yamma, wani makiyayi yana wucewa da sanda a wuya yana yi mana sallama. Ina tafe cikin gonar, alƙalami yana tafe a kan takarda, ban san wanne ne yake jan wani ba. Na rubuta arewa, na rubuta kudu, na rubuta yamma. Da na iso gabas sai na ga rijiyar siminti, mata suna jan ruwa, guga yana walƙiya a rana, na rubuta: daga gabas, rijiya. Sannan na dangwala babban yatsana na dama a madadin mai gari, na hagu a madadin mahaifin Dari, na ɗan murza su don su dushe. Na hura wa tsohon hatimi numfashi na buga. Da na ɗaga takardar na duba, wallahi idona ya kawo ruwa. Ban ji na yi ƙarya ba. Ji na yi na tayar da matacce.

Arzika ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta sama ta koma ƙasa, ya ce, "Kai, Komi, ashe kana da rana!"

Ranar shari'a na saka babbar riga na bi shi, na zauna a layin gaba. Tafinta ya karanta takardar yana juya ta zuwa Hausa. Da ya kai kan iyakar gabas, sai Dari ya miƙe.

Ya ce, "Mai shari'a, a maimaita mini nan wurin. Rijiya anka ce?"

Aka maimaita.

Ya ce, "To, rijiyar ga shekarar da na yi aure anka gina ta, ni da kaina na ɗauki yashi. Mai garin da anka ce ya dangwala yatsa, lokacin ya shekara bakwai cikin kabari. Da can gawo ne a wurin, da suri. Ko daga lahira ya leƙo ya ga rijiyar?"

Wasu suka yi dariya. Tsoffin nan uku ba su yi ba. Suka dubi juna, suka sunkuyar da kai, domin sun san gaskiya ya faɗa. Ni kuwa sai a lokacin gawon ya dawo mini, da inuwarsa, da surin da ke gindinsa. Shekara da shekaru ina wuce rijiyar nan, har ta shige cikin tunanina ta zauna a wurin da ba nata ba.

Jandarma suka fara da Arzika, tunda shi ya miƙa takardar. Kwana biyu yana tsare, ni ina gida ina gaya wa kaina abin zai wuce. A rana ta uku aka kira ni gaban alƙalin bincike, yaro ne sa'an ɗana na uku. Na gaishe shi da Faransanci irin na littafi, don ya san da wa yake magana. Ya amsa mini da Hausa, ya ce, "Zauna, Baba." Aka shigo da Arzika ba hula, idonsa ya faɗa. Bai dube ni da fushi ba. Cewa ya yi, "Komi, gaya musu cikin tsoffin takardunka ka gano ta. Sun ƙi yarda da ni."

Alƙalin ya ce, "Baba, doka tana hukunta wanda ya ƙirƙiri takardar jabu, tana kuma hukunta wanda ya yi aiki da ita alhali ya san jabu ce. Idan wannan bawan Allah ya sani, gidan kaso zai tafi. Ya sani?"

Na dubi hannuwana. Sannan na ce, "Bai sani ba. Ko alif bai iya ba. Ni na rubuta ta, makon jiya." Amma girman kai bai sake ni ba, sai na ƙara da cewa, "Sai dai, mai shari'a, ban da kuskuren rijiya, babu ƙarya a cikinta. Gonar tasa ce. An yi zaman, an yi takardar, kuma hannun nan da ya rubuta ta farko shi ya rubuta ta biyu. Ina jabu a nan?"

Bai ɗaga murya ba. Ya juyo da takardar gabana, ya ɗora bakin alƙalaminsa a ƙasanta, ya ce, "Wannan yatsan wane ne?"

Na ce, "Nawa."

"Takardar ta ce na wane ne?"

"Na mai gari."

"Wannan kwanan watan fa, ranar da ka rubuta ke nan? Wannan hatimin, ma'aikata ce ta buga shi, ko kai ne a zaurenka?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "To ka gani, Baba. Takarda ba labarin gona kaɗai take bayarwa ba. Tana faɗin wanda ya yi ta, da ranar da aka yi ta, da waɗanda suka yarda da abin da ke ciki. A nan ne ka sauya gaskiya. Ko da kowace iyaka ta yi daidai, ka sa matattu biyu sun yi shaidar da ba su yi a kan wannan shafi ba. Abin da doka take dubawa shi ne, an sauya gaskiya a cikin rubutun da ake kafa hujja da shi? An yi da sani? Zai iya cutar da wani? Ba ta tambaya ko an biya ka, ko tausayi ne ya sa ka. Kuma da ka buga hatimin hukuma, laifin ya ƙara nauyi, domin mutane suna yarda da hatimi ne ba tare da sun tambaya ba. Ranar da suka daina yarda, duk takardun gaskiya da ka rubuta a shekara talatin sun zama abin zargi."

Na yi shekara talatin ina aiki da takarda, amma sai a ranar, daga bakin yaro, na san mece ce takarda.

Aka saki Arzika. Da aka bincika gidana aka sami hatimin, aka buɗe tsoffin littattafai, aka ɗaga shafuka a hasken rana, wuraren da reza ta bi suka fito ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar nan ta farko, wadda ta riga ta zama malamar asibiti, sai da aka kira ta ta yi bayanin shekarunta. An yanke mini shekara biyu, an ce an duba tsufana.

Ba zan cika ku da labarin gidan kaso ba. Akwai zafi, akwai cunkoso, akwai yaran da suke kirana Tsoho Mai Hatimi suna dariya. Abin da ya fi damuna shi ne rana tsaka, lokacin da kowa ya yi laƙwas. Nakan jingina da bango, in ga gero yana tsirowa a kan farar takarda layi-layi, in miƙa hannu in shafa, sai ya narke ya zama tawada. Wani lokaci in ga tsohon mai gari zaune a gefena yana duba babban yatsansa. A can ne labari ya same ni cewa tsoffin nan uku sun janye. Biyu sun ce ba za su sa baki a maganar da jandarma suka shiga ba, na ukun ya rasu kafin a koma zama. Dari ya kawo nasa shaidun. Aka ba shi gonar.

Da aka sake ni, na yi mako uku ban fita ƙofar gida ba. A na huɗu na sa tsohuwar riga na tafi ƙauye. Na sami Arzika a wata 'yar gona mai tsakuwa da surukinsa ya ara masa, shuka ta fito jefi-jefi. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi ci-rani, ba su dawo da damina ba. Ya jingine hauya, ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Komi, ka rame. Ba su dafa maka takarda can?"

Na durƙusa a kan tsakuwar nan, ni da ban taɓa durƙusa wa sa'ana ba, na ce, "Arzika, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, kar mutane su gani su ce aljihuna kake lalube." Ya zauna a gindin wata sabara, ya nuna mini gefensa. Can ya ce, "Ni da gaskiyata nike tafe, da tsoffina uku. Ba ta da kyan gani, amma tawa ce. Kai ka ce sai ka yi mata ado." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda a cikin leda, ta yi laushi saboda ɗauka. "Ga hukuncin da anka ba ni. Kowa na kai ma sai ya duba ya ce, 'Baba, sai haƙuri.' Ba wanda ya karanta mini ita duka. Karanta mini. Amma abin da ke ciki kaɗai, Komi. Kar ka gyara komi."

Na karɓa. Shafi huɗu ne. Na karanta masa layi-layi, ina juyawa zuwa Hausa. Na zo inda aka ambaci sunana da na mahaifina, aka ce ni ne na ƙirƙiri hujjar ƙarya, na karanta. Na zo inda aka ce saboda haka maganar Arzika ta rasa madogara, na ga wata kalma mai sauƙi da zan iya sakawa a gurbin, na bar ta, na faɗi wadda aka rubuta. Na karanta har inda aka mallaka wa Dari gonar, da iyakokinta huɗu. Da na gama, ya juya ya dubi gabas, wajen gonar. Sannan ya karɓi takardarsa ya mayar cikin leda, ya ce, "To. Yanzu na ji." Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi. Gonar ba ta dawo ba, kuma ba za ta dawo ba.

Ku da kuke tasowa, na ji an ce yanzu ba a bukatar shayi da hayaƙi, da waya ma ana sauya suna da lamba a kan takarda cikin ƙiftawar ido. Kayan aikin ne suka sauya, laifin yana nan yadda yake. Wata rana wani zai zo muku da takardar makaranta, ko ta haihuwa, ko ta fili, ya ce lamba ɗaya ce kawai, kuma ai gaskiya ce. Mai yiwuwa ma gaskiyar ce. Mai yiwuwa wanda kuka fi ƙauna ne. Kada ku sa hannu a madadin kowa, rayayye ko matacce. Kada ku rubuta ranar da ba ita ba ce. Kada ku riƙe hatimin da ba a damƙa muku ba. Idan takarda ta ɓace, ku ce ta ɓace, ku raka mai ita inda ake sake bayarwa, ko ku tsaya a gaban alƙali ku faɗi abin da idonku ya gani. Ni ina wurin ranar da aka zaga gonar Arzika. Da na tsaya na yi shaida da bakina, da mun zama huɗu.